Ranar da Na Je Kaduna Sayen Gazet

Shekarun baya, baya ƙwarai, tun Turawa ba su tattara nasu ya nasu ba, na yi aikin akawu a ofishin lardi nan Zariya. Cikin shekarun alif ɗari tara da hamsin ne, wajen tsakiyarsu. Ina saurayi a lokacin, ina da keke da wando mai kari, kuma ina ji da kaina fiye da yadda matsayina ya kai. Gidanmu yana Tudun Wada. Mahaifina malami ne, ya rasu ina makarantar midil, ya bar ni da mahaifiyata da ɗaki guda cike da littattafan da har yau ban karanta rabinsu ba.

Aikin da aka damƙa mini a ofis shi ne kula da Gazet. Ga wanda bai sani ba, Gazet jaridar gwamnati ce, amma ba irin wadda ake karantawa don jin labari ba. Babu hoto, babu labarin ƙwallo. Sababbin dokoki ne kawai a ciki, da sunayen waɗanda aka naɗa ko aka ƙara wa girma, da sanarwar kwangila da gwanjo da makamantansu. A Kaduna ake buga ta duk ranar Alhamis, a ɗaure namu a ƙunshi, a liƙe bakinsa da jan danƙo, a sako a jirgin ƙasa. Ni ne mai ɓalle danƙon. In danna wa kowace hatimin ranar da ta iso, in ba masinja ya kai wa alƙali tasa, ya kai ofishin En'e da asibiti da 'yan sanda, in adana guda a kabad, in kafe guda a allon sanarwa da ke baranda domin duk mai so ya zo ya karanta.

Babban akawunmu, wani dattijo mai tabarau da ba ya son hayaniya, shi ya koya mini ƙa'idojinta. Ba a fitar da ita kafin ranar da aka rubuta a goshinta. Ba a rubutu a kanta, ko da kuskure ka gani ƙuru-ƙuru. Gyara sai ya fito a wata Gazet ɗin. Ta kabad ba ta barin ofis, ta allo kuma ba a cire ta sai sabuwa ta zo. Babbar ƙa'idar ita ce: duk abin da doka ta ce sai an sanar da shi a Gazet, ko Razdan mai mulkin lardi ne ya gaya maka da bakinsa, ka jira ka gan shi a buge. Ni dai ina bi, amma a raina ina ganin duk iyayi ne irin na Turawa.

Katangarmu ɗaya da wani tsoho Kirista, Bazazzagi gaba da baya. Shi da mahaifina tare suka yi makarantar allo suna yara, kafin hanyarsu ta rabu, kuma rabuwar ba ta hana su gaisawa kowace safiya ba har mutuwa ta shiga tsakani. Baba nake kiransa. Shekara da shekaru yana wa'azi a wata 'yar majami'a da ke bayan unguwa, wadda shi ya gina ta da hannunsa. Na taso ina ganinsa yana kwaɓa ƙasa da yamma bayan ya dawo daga gona, yana jera tubali a rana. Da fari jinka ce a kanta, daga baya suka haɗa kuɗi suka yi mata kwano. A lokacin da nake ba ku labari ya tsufa tuƙuf, yanar ido ta rufe masa gani, ƙafafu sun ƙi, ko tsakar gida sai an tallafe shi yake fitowa.

Autarsa malamar makaranta ce, ƙanwa na ɗauke ta, Yaya take ce mini. Wanda zai aure ta kuwa abokina ne tun a midil, malamin asibiti, mutum mai fara'a da saurin fushi da saurin hucewa. An sa rana wata Asabar cikin damina, kuma babu halin ɗagawa, domin an yi masa canjin aiki zuwa can Adamawa, a makon da ke bayan biki zai kama hanya. A zamanin, wanda ya tafi Adamawa da damina, sai dai a sa ran ganinsa bayan kaka. Kowa kuma yana gani, ko bai faɗa ba, cewa da wuya Baba ya kai kaka.

Burin tsohon nan ɗaya ne: a ɗaura auren 'yarsa a majami'ar da ya gina. To amma irin aurensu na coci, wanda ake rubutawa a ba da takardar shaida, doka ta ce ba a ɗaura shi sai a wurin ibadar da gwamnati ta ba lasin, kuma sai an sanar da lasin ɗin a Gazet. Ta Baba ba ta da shi. Duk mai aure a cikinsu babbar majami'ar da ke can gefen gari yake zuwa. Tun farkon shekara suka nema, ni na taya su tsara takardar da Turanci. Aka zo aka duba ginin, aka tafi, aka yi shiru. Sai ana saura 'yan makonni biki amsa ta zo cewa an amince, za a sanar a Gazet.

Daga nan na zama mutum mai daraja a unguwa. Duk Alhamis da yamma in na karyo kwana a keke, sai in tarar da abokina a ƙofar gidanmu yana jira. In girgiza kai tun daga nesa. Mako ya wuce, wani ya wuce, babu. Rabaran ɗin da zai ɗaura auren, wani mutum dogo mai sanyin magana, ya riga ya faɗa musu a fili: in bai ga sanarwar da idonsa ba, ba zai ɗaura a can ba, domin laifi ne a kansa, kuma auren kansa zai iya zama abin tuhuma wata rana.

Saura Alhamis ɗaya. Ranar Laraba aka kwana ana ruwa kamar da bakin ƙwarya. Gari na wayewa labari ya zo daga tasha cewa ruwa ya cinye ƙasar da ke ƙarƙashin layin dogo tsakanin Kaduna da Zariya, babu jirgin da zai wuce sai an gyara. Na je wurin babban akawu na roƙe shi ya bari in yi amfani da tarho. Ya dube ni ta saman tabarau, ya tura mini. Da ƙyar aka haɗa ni da masu sayar da Gazet a Kaduna, layin yana ta ƙara kamar ana suya. Wani mutum ya ɗauka, na gaya masa abin da nake nema, na ji yana buɗe shafuka. Can sai ya ce, "Ga ta nan." Ya karanto mini, sunan majami'ar, Tudun Wada, Zariya. Na sa ya maimaita.

Ban ko tsaya cin abinci ba, na taka keke zuwa gidan Rabaran. Ya saurare ni har na gama, ya yi murmushi.

"Na gode, Malam. Na yarda da kai, ban ce ka yi ƙarya ba. Amma abin da ka kawo mini ji ne. In an tambaye ni gobe, me zan nuna?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, an buga fa. Tana can a Kaduna."

Ya ce, "To Allah ya kawo ta Zariya kafin Asabar. In ba ta zo ba, mu tafi babbar majami'a, in ya so in dawo in yi wa tsoho addu'a a ɗakinsa."

Da azahar muka zauna a zauren gidan Baba, ni da abokina. Amaryar tana daga bakin ƙofar ciki tana ɗinke bakin wani mayafi. Abokina ya daɗe yana kallon ƙasa, sannan ya matso kusa da ni.

"Kai ka ji da kunnenka, ko ba haka ba?"

Na ce, "Ni na ji."

"To ka zauna a tafireta ka buga yadda mutumin ya karanto maka, ka danna hatimin ofis a kai. Rabaran zai karɓa. Ai ba ƙarya za ka yi ba."

Na ce masa hatimin nan ma'anarsa takarda ta iso hannuna, kuma ba ta iso ba. Ya ce ai za ta iso. Na ce ranar da ta iso zan danna. Muka yi ta juya magana ɗaya, murya tana ɗan tashi. Daga ƙarshe ya ce, "Ashe aikin naka ya fi maka tsohon nan. Shi ke nan, na gane."

Maganar ta soke ni. Gaskiya ina tsoron aikina, ni ke riƙe da mahaifiyata. Na sunkuya ina wasa da igiyar takalmi.

Amaryar ce ta ajiye allura. Ta ce da shi, "Ka bar Yaya. Ni ba na son auren da wata rana wani zai ɗaga takarda ya ce a sake dubawa." Sannan ta juyo gare ni. "Yaya, ita wannan Gazet ɗin, gwamnati kaɗai ke da ikon riƙe ta? Mutum ba ya iya saye da kuɗinsa?"

Ku ji fa. Ni da ke fama da Gazet kowane mako, ni da na yi magana da mai sayar da ita da safiyar ranar, ban taɓa kawo wannan a raina ba. A bayan kowace an rubuta farashinta da inda ake sayarwa. Daga ranar da ta fito, kowa na iya zuwa taga ya saya, kuma wadda aka saya da wadda aka aiko ofis duk ƙarfinsu ɗaya a wurin doka, tunda injin gwamnati ne ya buga su. Na gyara zama na ce, cikin muryar masana, "E to, dama ina tunanin hakan." Ta dube ni, ta ɗauki allurarta ta ci gaba da ɗinki.

Abokina ya ce shi zai tafi. Ta ce ba zai tafi ba, yana da aiki a asibiti ranar Juma'a, kuma in hanya ta riƙe shi a yi biki da wa? Sai duk suka zuba mini ido.

Na koma wurin babban akawu kafin a tashi. Ya ce, "Ni ban aike ka ba, ban kuma hana ka ba. Ka ɗauki hutun yini guda." A gida kuma na yi ta kewaye-kewaye kafin in gaya wa mahaifiyata, don ina tunanin za ta ce ɗan malam guda zai bar Juma'ar garinsu saboda auren coci. Tana tsince shinkafa a faifai, ba ta ko ɗago ba.

Ta ce, "Ranar da mahaifinka ya rasu, tsohon nan ne ya fara zama a ƙofar gidan nan, bai tashi ba sai da aka dawo daga maƙabarta. Ka tafi. Akwai masallaci a Kaduna ai."

Na ce, "To, Inna."

Bayan sallar asuba na sami wata lori mai ɗauke da buhunan busasshen barkono. A saman buhunan muka zauna, mu da wasu fatake da wata tsohuwa mai kaji. Duk ramin da motar ta faɗa sai ƙurar barkono ta tashi, mu yi ta atishawa baki ɗaya kamar an ba mu umarni. Ni da na fito da farar taguwa da wandon ofis, don mutanen Kaduna su san ma'aikaci ne ya zo, kafin rana ta ɗaga idona ya yi jawur, hanci na zuba.

A wani rafi muka tarar ruwa ya haye kan kwalbati, motoci sun yi layi ana jira ya janye. Daga inda muke ana hango layin dogo, ga leburori kamar tururuwa suna ɗibar ƙasa da duwatsu a kwano suna zubawa inda ruwa ya cinye. Wani bafatake ya tambaye ni, tunda ya ga alamar boko a jikina, yaushe nake ganin jirgi zai wuce. Na ƙare wa aikin kallo, na ce masa ko mako guda ba za su gama ba. Ya jinjina kai, ya gaya wa na kusa da shi, maganata ta zagaye motar.

Mun shiga Kaduna rana ta kusa tsaka. Ranar Juma'a da wuri ake rufe ofisoshi, don haka da gudu na ƙarasa, ina tambayar hanya. Na isa mai sayarwar yana jawo murfin taga. Na sa hannu na tare. Da na faɗi abin da ya kawo ni sai ya ce, "Kai ne na Zariya mai tarho jiya?" Ya yi dariya, ya miƙo mini guda, na biya. A nan bakin tagar na buɗe. Na wuce sanarwar har sau biyu ban gani ba, saboda ƙanƙantarta. 'Yan layuka ne kawai a ƙasan wani shafi.

Na yi Juma'a a Kaduna kamar yadda aka umarce ni. Hadari ya sake haɗowa, sai na sayi wani tsohon gwangwanin biskit a bakin kasuwa, na lanƙwasa Gazet a hankali na sa a ciki, na danne murfin. Motar da na samu ta komowa ta gishiri ce. Ruwa ya same mu a hanya, muka shige ƙarƙashin tamfol. Bayan mun wuce rabi sai ƙafar baya ta nutse a laka. Direba ya ce kowa ya sauko a tura. Na ba wata mata riƙon gwangwanina, na ce ta kula da shi kamar jariri, na shiga cikin masu turi. Da motar ta yunƙura ta fita, duk lakar da tayar ta kwaso a kaina ta sauke. Takalmina na hagu kuma can ya zauna, na laluba har gwiwar hannu ban same shi ba.

Duk da haka raina fari tas. Ina zaune a kan gishiri, laka na bushewa a fuskata, ina tsara yadda zan shiga unguwa. Na ga mutane sun yi jugum a zaure, na ga kaina na shigo na ɗaga gwangwani, na ga abokina ya rasa inda zai sa fuskarsa. Har kalmomin da zan yafe masa da su na tanada.

Gab da magariba na sauka a Tudun Wada, ƙafa ɗaya da takalmi, ɗaya babu. Tun daga bakin lungu na ji lugude yana tashi a gidan Baba, ga hayaƙin girki, ga dariyar mata. Na ce a raina, lallai mutanen nan suna da tawakkali. Na leƙa tsakar gida sai ga mahaifiyata a tsakiyar mata tana yanka kubewa. Ta dube ni daga sama har ƙasa.

"Sannu da hanya. Ina ɗaya takalmin?"

Na ce, "Inna, na samo."

Ta ce, "Madalla. Ai jirgi ya iso tun ana saukowa daga masallaci. Mai gidanku na ofis ya koma da kansa ya buɗe ƙunshin, ya kafe a allo, ya aika aka kira Rabaran ya je ya karanta. Gobe da hantsi za a ɗaura."

Matan nan suka yi ta ƙoƙarin danne dariya, wata ta kasa. Na tsaya rungume da gwangwanin biskit, ban san ko in shiga ko in juya ba. Sai ga abokina ya fito daga zaure. Ya dube ni, bakinsa ya fara rawa, ya rungume ni da lakar da komai, yana dariya har da hawaye. A kunnena ya ce, "Ka yafe mini maganar jiya." Kalmomin da na tanada duk suka gudu. Na ce masa ya sake ni, zai ɓata rigarsa.

Ina shirin sulalewa gida amaryar ta fito ta ce Baba yana kira. Na ce bari in wanke jiki. Ta ce ai ba gani yake ba, in shigo haka.

Yana kwance a gadonsa na kara, an jingina shi da matashi. Na durƙusa na gaishe shi.

Ya ce, "Ɗan Malam, an ce ka je Kaduna."

"Na je, Baba. Amma jirgi ya riga ni."

"Sun gaya mini. Sun ce tana manne a allon ofishinku, ba a cirewa. Na ce a aro mini in taɓa, suka ce doka ta hana. Taka fa, ta wa ce?"

Na ce, "Tawa ce, Baba, da kuɗina na saya."

"To ba ni."

Na buɗe gwangwanin na sa masa ita a hannu. Ya shafa ta, ya kai hanci ya sunsuna tawadar. Ya ce in nemo wurin in ɗora yatsansa a kai. Na ɗora. Ya ce in karanta da Turanci tukuna yadda suka rubuta, ko da ba ya ji sosai, sannan in fassara. Na karanta. Na fassara masa: ana sanar da jama'a cewa an ba wannan wurin ibada da ke Tudun Wada, Zariya, izinin a riƙa ɗaura aure a cikinsa.

Bai ɗauke yatsansa daga wurin ba.

"Shi ke nan duka?"

"Shi ke nan, Baba."

"Wurin ibada suka ce?"

"Haka suka ce."

Ya ce shekaru da yawa in mutane za su yi kwatance, ɗakin tsohon nan suke cewa. Sai ya tambaye ni me aka rubuta a sama da su. Na duba, na ce sanarwa ce an ƙara wa wani ma'aikacin gandun daji girma. A ƙasa fa? Na ce gwanjon tsofaffin motocin gwamnati. Tsohon nan ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, 'yarsa ta kawo ruwa. Da ya lafa sai ya ce, "To, alhamdu lillahi. An sa mu cikin mutane."

Bai maido mini da ita ba, ni ma ban tambaya ba. Ya tura ta ƙarƙashin matashi, ya sa mini albarka irin wadda mahaifina ke sa mini, da kalmomin da suka koya tare suna yara.

Washegari samari suka ɗauke shi a kujera suka kai shi. Ni da mahaifiyata da sauran maƙwabta Musulmi muka zauna a inuwar dalbejiya a waje, muna jin waƙarsu ta taga. An ce da Rabaran ya tambayi wa ke ba da wannan yarinya, muryar tsohon ta fi ta kowa ƙarfi a ɗakin. Bayan nan aka ci shinkafa da waina, wadda mahaifiyata ta kwana biyu tana shiri. Ango da amarya suka kama hanyar Adamawa cikin makon. Baba ya rasu ana fara yankan gero. Mu muka zauna a ƙofar gidansa.

Na daɗe a aikin gwamnati bayan wannan, na riƙe ofisoshin da suka fi na Gazet girma, kuma sau da yawa an zo mini da irin roƙon abokina: ai an riga an amince, ai gobe za ta fito, sa hannu kawai. Wani lokaci mai roƙon yana da gaskiya, kuma ƙin yana da ciwo. Abin da na fahimta a hankali shi ne, ƙa'idar jiran nan ba don manya aka yi ta ba. Babba ko babu takarda maganarsa na tafiya. Ƙaramin mutum ne ke buƙatar a buga abinsa a fili, inda kowa zai gani, yadda ba wanda zai zo daga baya ya ce ba a yi ba. Da abokina ya rasu bayan shekaru masu yawa, matarsa ta je neman haƙƙinsa na aiki, an juya takardun aurensu ta kowace fuska, ba a sami inda za a kama ba.

Amma kada in cika baki. Har yau in na tuna zaman nan na zaure, ba na iya rantsuwa cewa gaskiya ce zalla ta hana ni danna hatimin. Akwai gaskiya, akwai tsoro, sun cakuɗe, kuma Allah ya taimake ni a ranar duk hanya ɗaya suka nuna mini.

Majami'ar tana nan, sai dai an rushe ta ƙasar an yi ta bulo, shaguna sun kewaye ta, 'yan acaɓa na tsayawa a bakinta. Ƙanwar tawa ma tana nan da ranta, ta dawo Tudun Wada da zama, ta tsufa kamar yadda na tsufa. Nakan sa a kai ni in gaishe ta lokaci-lokaci. Duk ranar da na shiga, sai ta tara jikokinta ta nuna ni da sanda, ta ce, "Ku gaida kakanku. Shi ne mutumin da ya je har Kaduna ya sayo abin da ke manne a bangon ofishinsa." Su yi ta dariya, ni ma in taya su. Sannan ta kore su waje, ta sa a kawo mini kunu, mu zauna mu sha tare.